Motar da Ke Rawar Ɗari da Safe

A shekarar ina zaune a Gwandu, gidanmu na gado, ina aiki a wani ofishi a Kalgo. Kullum ina kan hanya, zuwa da dawowa, don Baba ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, kuma tun da yayana ya rasu a hatsarin mota ba shi da wani ɗa namiji sai ni. Tsohuwar motata ce kaɗai ta sa zaman ya yiwu, sai ga shi ita ma ta ɗauko wani ciwo.

Da safe in na murɗa makulli sai ta kama makyarkyata kamar mai zazzaɓin damina. Sitiyari na rawa, madubi na rawa, carbin da na rataye yana ta lilo. Inji ya yi ta tari, salansa na fitar da warin ɗanyen mai. In na taka totur ta ciccije ta mutu, in sake tayarwa. Haka za mu fita gari muna ɗingishi, masu babur ɗauke da buhuna suna wuce ni suna waiwaye. Sai mun yi nisa inji ya yi zafi, sannan ta warware ta miƙe hanya, kamar ba ita ta gama wulaƙanta ni ba.

A ofis kuwa ƙarfe takwas ake jan layi a rajista. Sunana ya yi ta faɗawa ƙasan layin har shugabanmu ya kira ni. Ya ce shi ba ya shari'a da mota: ko in dawo Kalgo da zama, ko in nemi aiki kusa da gida. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Na fito ba na tunanin komai sai wanda zai riƙa kama hannun Baba zuwa masallaci.

Akwai wani bakanike a Kalgo, dattijo mai yawan cin goro, garejinsa a ƙarƙashin dalbejiya. Da azahar nake kai masa motar, lokacin da ta fi kowa lafiya. Ya tayar, ya kara kunne, ya dube ni kamar ni ne mara lafiyar. Duk da haka mun bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ya canza fulogi. Ya ce ƙila man 'yan bumburutu ne, na daina saye a galan. Ya wanke nozul, ya canza matatar mai, ya gwada baturi. Kowane gyara in koma gida da murna, gari na wayewa ta koma gidan jiya. Abin da ya fi ba ni haushi, ranar Asabar da Lahadi bugu ɗaya take tashi. Da na gaya masa sai ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ce ai motar tawa ma'aikaciyar gwamnati ce, aikin ne ba ta so. Ni ban yi dariya ba, na gaji.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, ban tsaya ofis ba, na tafi wurinsa kai tsaye da safe, na ce ba zan tashi ba sai ya gano. Ya cire wayoyin fulogi, ya naɗa farin tsumma a sukudireba ya zura cikin ramin. Tsumman ya fito baƙi, da ɗan danshi. Ya ce ya ga baƙin nan tun ranar da ya canza fulogi, ya ɗauka baƙin mai ne. Wannan karon ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe.

"Wanga ba baƙin mai ba na," in ji shi. "Tawada ta, har da ƙaro. Wa ka rubutun sha gidanku?"

Ya yi mini bayani cewa ruwa ne ke kwanciya a ramukan, wuta ta ƙi kamawa daidai, sai inji ya yi zafi ya busar da shi. Ina jinsa sama-sama. Tunanina na kan maƙalin bonet ɗina da ya karye tun bara, na ɗaure da waya, kowa na iya buɗewa daga waje.

Washegari bayan Asuba na raka Baba ɗakinsa, amma ban koma kwanciya ba kamar yadda na saba. Na zauna a zaure. Gari ya fara haske sai ga shi ya fito, sanda a hannu ɗaya, ƙoƙo a ɗayan, yana jan ƙafa. Ya jingine sandar, ya daɗe yana fama da wayar. Ya ɗaga bonet da ƙyar, ya yi Bismilla, ya fara tsiyaya ruwan allon a kan inji a hankali. Na tuna wahalar watanni, da tsayuwa gaban shugaba kamar ɓarawon akuya, raina ya ɓaci. Amma da na ga yadda yake numfashi don nauyin bonet ɗin, kunya ta kama ni.

Na matsa na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ruwan ga na ka hana mata tashi."

Bai waiwayo ba. Yana kallon injin ya ce:

"Ranad da yayanka yat tahi, na rubuta mai. Barci yaɗ ɗauke ni, ko da nit tashi ya hita." Ya dubi ƙoƙon. "Kai kuma tun da kag gama boko ka bar shan tawada, ka ce tana ɓata ma ciki. Ita wagga ba ta musu."

Na manta ma na taɓa faɗin haka. Shekara ashirin ko fiye, shi bai manta ba.

Na miƙa hannu biyu, ya saki ƙoƙon. Saura kamar rabi. Na shanye, da ɗacin gawayi da yauƙin ƙaro, na rufe bonet na ɗaure wayar. Ranar ma da ɗingishi muka tafi, don rabin farko ya riga ya shiga.

Kashegari bugu ɗaya ta tashi, sunana ya hau saman layi, ban koma Kalgo da zama ba. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa, duk ranar aiki yana tsaye a ƙofar zaure da ƙoƙonsa. In na sha na miƙa masa, sai ya karkata shi wajen haske ya leƙa gindin, ya tabbata ban rage ba.