Jirgin da Na Bari Ya Bushe

Ni ban yi karatu ba. 'Yata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana ko da ta yi mata ɗaci.

A Harra ta Gabas, wata unguwa a Madina, aka haife ni, cikin baƙaƙen duwatsu, nan aka aurar da ni, nan na tsufa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direban tankar ruwa ne. Kakansa masunci ne daga bakin tafkin Chadi, ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Shi maigida bai taɓa ganin Chadi ba, amma duk inda ya ga ruwa kwance sai ya tsaya.

Ba shi kaɗai ba ne. Su bakwai ne, duk jikokin mutanen bakin ruwa, an haife su a garin da babu kogi. Shekarar da na haifi ɗana na fari suka je Yambu, wani gari a bakin teku, suka ɗauko tsohon jirgin katako wurin wani masunci, suka ɗoro shi bayan babbar mota. Unguwa ta fito kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Ku kuma wane ɗufana kuke jira?"

Gabas da gari akwai madatsar ruwa. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi, kwari ya kawo, sai tafki ya kwanta a bayanta wata biyu ko uku kafin rana ta shanye shi. Wata shekarar ko ɗigo babu. Nan suka kafa rumfa. Kowace Juma'a bayan la'asar suna can, da ruwa ko babu. In da ruwa, su ɗaura farin ƙyalle a sanda iska ta tura su. In babu, su zauna gaban busasshiyar laka suna shan shayi, suna gardamar wa ya fi iya kama iska. Babbansu kafinta ne mai tsawa, Rayis suke ce masa, wato shugaban jirgi. Daga baya likitoci da injiniyoyi 'yan Najeriya da aiki ya kawo suka shiga. Sabon shiga kuwa, ko farfesa ne, aikinsa na farko kwashe ruwa daga cikin jirgi da gwangwani. Mu mata mu ke soya waina, mu zauna kan tabarma daga nesa muna kallon mazanmu suna zagaye ruwan da mutum zai iya kewayewa da ƙafa. Ban taɓa shiga ba. Ba a taɓa ce mini in shiga ba.

Jirgin katako ba ya shiri da iskar Madina. In ya bushe katakan sai su tsuke, bakinsu ya buɗe. Shi ya sa suka kafa ƙa'ida: jirgi zai shekara a gidan mutum ɗaya, shi zai riƙa shayar da shi. A lulluɓe shi da buhunan algarara, a zuba bokiti huɗu da safe, huɗu da yamma, a rufe da tamfol. In ruwa ya zo, wanda jirgi ke gidansa shi zai fara shiga, sauran na tsaye a baki. Wannan shigar farko ita ce duk girman da suke ba juna, mutum ya kan jira ta shekaru.

Jirgi na wata uku a tsakar gidanmu maigida ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti Rayis ya zo dubiya, ya ce gobe zai turo mota a kai jirgi gidan wani.

"Shekarata ce," in ji maigida, bakinsa a karkace.

"Shekararka ce, to wa ya ce ta kakanka ce? Kai da ba ka iya ɗaga finjali, za ka ɗaga bokiti?"

"Hajiya na nan."

Rayis ya ɗaga murya ta bayan labule. "Hajiya, kin ji mijinki. Za ki iya?"

Na ce zan iya. Ba wanda ya tilasta ni. Da bakina na faɗa.

Na yi wata biyu ina zubawa. Sai zafi ya shigo. In tashi in yi wa maigida wanka, in canza shimfiɗa, in ba shi kunu cokali-cokali, sannan in ɗauki bokiti da gwiwoyin nan nawa. Wata rana da yamma na zauna in huta, magariba ta riske ni ban zuba ba. Da safe na leƙa, ban ga abin da ya samu jirgi ba. Daga nan na koma zuba na safe kawai. Daga nan na daina.

Kullum in na shigo da kunu sai ya tambaye ni. "Kin ba shi?"

"Na ba shi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar da na yi. Gadonsa na jikin taga. Sai in ɗebi rabin bokiti in watsa a siminti ƙarƙashin tagar, don ya ji ƙarar ruwa. Sai in ji ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Ɗana yana zuwa duk mako, da na ce ya zuba da ya zuba. Ban ce ba, don sai na fara faɗin cewa na daina. Ba kuma zan ɗora wa gwiwa duka ba. Shekara arba'in jirgin nan yana cinye mini Juma'a. Ranar da ƙaramarmu ta yi zazzaɓi mai tsanani maigida yana bakin laka yana shan shayi. Yanzu ga shi kwance, ni ke juya shi, kuma tambayarsa ta farko da safe ba a kaina take ba. In na wuce tamfol ɗin nan ba na ko kallonsa. Abokansa in sun zo dubiya sukan tambayi jirgi, sai ya ce, "Hajiya ta fi ni iya shayarwa." Ba wanda ya ɗaga tamfol ya duba.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwa kwana biyu, kwari ya kawo. Ranar Juma'a suka zo da mota. Maigida ya sa na ɗauko masa farar riga, ɗana ya ɗora shi a keken marasa lafiya. Da suka kama jirgi za su ɗaga, ya tashi musu sakayau kamar kwando. Rayis ya shafa buhu ɗaya, ƙura ta tashi. Ya juyo ya dubi wajen da nake tsaye.

Na bi su, na zauna inda muka saba zama. Suka tura jirgi cikin ruwa, mutum huɗu suka kama keken maigida za su sa shi. Kafin su kai, ruwa ya fara shiga ta kowane baki. Wani likita ya yi tsalle ciki da gwangwani yana kwashewa, yana cewa, "Ku ba ni minti biyu!" Ruwa ya kai masa gwiwa. Rayis ya ce, "Fito, likita, wannan ba maras lafiyarka ba ne." Aka ɗan yi dariya. Jirgi ya zauna kan laka, bakinsa kaɗai ke waje. Kowa na kallon ƙasa don kada ya kalli tabarmarmu.

Sai maigida ya yi magana, a hankali, kalma na fita da ƙyar. "Ni na hana ta. Tun da zafi na ce ta bari. Na gaji da jin ƙarar bokiti."

"Kai?" in ji Rayis. "Kai da ka hana a ɗauke shi?"

"Ni."

Suka ajiye kekensa a bakin ruwa. Ya zauna yana kallon tafki har rana ta yi ja. Da muka isa gida ya ce in dafa masa shayi, na dafa, ya sha, ya gode. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban samu bakin tayarwa ba.

Rayis ya bar jirgi cikin ruwa ya jiƙa, ya canza katako ɗaya da ya tsage, ya cusa auduga a sauran. Bayan kwana tara jirgi ya taso kan ruwa. Amma a rana ta biyar aka mayar da maigida asibiti, daga can sai maƙabartar Baƙi'a.

Da na fita takaba Rayis ya zo. Ya ce ɗana zai gaji gurbin ubansa, amma jirgi ba zai ƙara kwana gidanmu ba, jama'a sun ce tunda marigayi ya gaji da shi a ƙarshe, a bar gidan ya huta. Da na ji "ya gaji da shi" sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa komai ta bayan labule, har da rabin bokitin taga.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Hajiya, kada ki ƙara faɗa wa kowa. Maganarsa ta ƙarshe a gabanmu ke nan. In kin warware ta, kin mai da shi maƙaryaci."

Na bi maganarsa shekara uku. Ɗana yana zuwa rumfa, yaran abokan ubansa suna tsokanarsa, "Ku riƙe bokiti da kyau, ga ɗan gidan da aka gaji!" Yana dariya, ya dawo gida fuskarsa ba daɗi. Ya taɓa ce mini, "Umma, ban gane yadda Baba ya yi haka ba."

Rayis ya rasu bara. Na yi ta aunawa, na ga gara a san mijina ya yi ƙarya sau ɗaya don ya rufa wa matarsa asiri, da a ci gaba da cewa ya juya wa abin da yake so baya. Jiya da hantsi na zaunar da ɗana na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ajiye shayinsa bai shanye ba, ya sumbaci kaina kamar yadda ya saba. Na ce masa in ya je Juma'a ya faɗa musu a rumfa, da bakinsa, ya ce ni na aiko shi. Ya fita, ni kuma ina jiran Juma'a.