Ragowar Jan Farcenta

Shekarar da aka fara shari'a masu kiɗan biki suka daina kawo mini aiki, sai masallatai. Shagona a Dutse yake, daga ni sai zarto da magagari. Amfilifaya nake haɗawa, kuma ba na sayen fanel, da hannuna nake yi. Allo ne mai fuskar jan ƙarfe, in zana hanyoyin wuta a kai da jan farce, in tsoma shi a ruwan asid ya cinye duk inda ban shafa ba.

Jan farcen na matata ne. Ba ta shafawa sai tana fashin sallah, shi ya sa kwalba ɗaya ta daɗe mata. Nakan ɗauke, ta riƙa yi mini tsiya wai rediyoyina sun fi ta kwalliya. Ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Aka raba kayanta, kwalbar ta tsira don tana shago.

Wani dattijon ladani daga Kiyawa ya kawo akwatin katako, ya ce a sa masa amfilifaya kafin Juma'a. Na gama fanel, sai ga shi ya fi akwatin faɗi da yatsa biyu. Ban auna ba, hankalina ba ya jikina a watannin nan. Don gaggawa na ja layi da ƙusa, na karya shi a gefen tebur. Ya tsage har tsakiya. Na zagi allon, na haɗa da kafintan akwatin da ban taɓa gani ba.

Jan farce cike yake a kasuwa, amma ban je ba. Na ɗiga tina, ruwan tsinka fenti, a kwalbar na girgiza, na zana na biyu da ɗan abin da ya rage. Na bar gefen da zan riƙe, a nan nake share burushi. Wannan karon da zarto na yanke gefen, a hankali, ƙurar tana shiga hancina. Sannan na goge jan da ke kan fanel da tina, dole, dalma ba ta kamawa a kansa. Ranar na ji kewarta fiye da ranar jana'iza.

Ladani ya zo, murfin akwati yana rawa. Ya tsinci guntun gefen nan a kan tebur, da jansa, zai tokare murfin da shi.

"Baba, bar wannan," na ce.

Ya dube ni, ya mayar inda yake. Na yago masa kwali.