Na'urar da Na Kulle a Kabad

An riga an sa mini rigar tiyata da safe, sai likita mai ba da allurar barci ya dubi jakata ya ce, "Hajiya, ina na'urar numfashinki?"

An ba ni ita ne saboda numfashina yana ɗaukewa cikin barci. Da zan taho tiyatar rage ƙiba, na kulle ta a kabad a gidana da ke Kubwa, domin na san 'yan dubiya za su cika ɗakin, har da waɗanda nake shugabanta a ma'aikata.

Na ce, "Likita, ba za a gan ni da tiyo a hanci ba."

Ya ce, "Hajiya, 'yan dubiya kafin magariba sun watse. Allurar nan kuwa tana ƙara danne numfashi. Yaushe rabonki da sa ta?"

Na faɗa masa gaskiya. Wata huɗu ne.

Ya ɗage aikin. 'Yata, wadda ta ɗauki hutunta na shekara domin jinyata, ta naɗe kayanmu ba ta ce uffan ba. Da ma faɗa ta yi mini.

Ku masu iyaye irina, yaya kuke yi da mu?