Ƙwan Hasbiya a Ƙarƙashin Kaza

A shekarar da kumandan, Baturen mulki na Magarya, ya sa a sare giginyoyin fadamarmu don azarar masaukinsa na Dungas, ina cikin waɗanda mai gari ya tura aikin. Sana'ata a lokacin fataucin kaji da zabi ce. In saya a ƙauye, in ɗora wa jaki, in kai kasuwar Waca ko ta Mallawa. Da hannu nake gane nauyin kaza, da ido nake gane mai ciwo, kuma a ganina babu abin da mai fiffike zai koya mini.

Wanda ya hau giginya ta uku don ɗaura igiya ya tarar da hasbiya kwance a sheƙarta. Ya damƙe ta, gardi, wato dogarin kumandan da ke tsaronmu, ya karɓe, aka yanka aka gasa masa. Ƙwai biyun da ya sauko da su a hula ni ya miƙo wa, yana dariya, wai ga jari. Da ɗuminsu. Na ƙulle su a gefen rigata har muka tashi.

A wajenmu kowa ya san ƙwan zabo kaza ake ba wa, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi kiwo da 'ya'yan kamar nata. Abin da na sani shi na yi. Akwai wata baƙar kaza mai kwanci a gindin rumbun kakata, na tura mata su.

Kakar nan tawa ita ta haifi babana, ita ta riƙe ni tun ina ƙarami, kuma ba ta raga mini.

"Kai mijin banza," ta ce, "maza na kawo wa matansu goro, kai ƙwan tsuntsu ka kwaso?"

"Yi haƙuri, amarya. In ya girma na yanka miki."

"Da waɗanne haƙoran zan ci?"

Kaza ta fasa ɗaya a rana ta biyu. Ɗayan ya ƙyanƙyashe a ta biyar. Na zo ina tsammanin ɗan tsako mai gudu, sai na tarar da 'yar tsoka, ido a rufe, gashi rawaya tsilli-tsilli, wuyan ya kasa ɗaukar kan. Kazar ta karkata kai ta dube shi, ta kai masa sara. Na ɗauke shi, na watsa masa tsaki a gabansa. Ko motsi bai yi ba.

"Wannan ba ya tsinta," in ji kakata. "Uwarsa ce ke zuba masa a baki daga abin da ta haɗiye."

"To, uwar tana cikin gardi."

Na ɗauke shi a ƙoƙo na kai wa wani mai kiwon tattabaru a ƙauyen gabanmu. Ya ce ba sa karɓar baƙo, amma mu gwada. Kafin in ƙifta ido sun fasa masa kai. Na dawo da shi gida da jini.

Daga ranar na zama uwarsa. In tauna gero har ya koma kamar koko, in sa bakinsa tsakanin leɓɓana, ya yi ta zuƙa yana rawar fiffike. Da asuba, da hantsi, da azahar, haka har magariba. Kasuwa biyu ta wuce ban je ba. Ciwon kan ya warke, idanu suka buɗe, gashin fiffike ya fara tsirowa kamar ƙaya.

Amma in na ɗora shi a tafin hannu sai in ji ba nauyi, ni kuwa nauyi na sani. Mu masu kaji, in za mu kai kasuwa, ɗura muke musu: a buɗe baki a zuba gero har su cika hannu. A kwana na tara na yi masa haka. Busasshen gero, ƙwaya-ƙwaya, na bi da ruwa. Ya haɗiye duka, na ji daɗi, na ƙara masa.

Washegari 'yar jakar da ke ƙasan wuyansa ta kumbura, ta yi tauri kamar ƙwallon goriba. Geron ya sha ruwa ya ƙi wucewa. Na ba shi ruwan ɗumi. Kakata ta jiƙa kanwa, na ɗiga masa. Na narka man shanu, na ɗiga masa. Na zauna a inuwar rumbu ina murza wurin da ɗan yatsa a hankali, ko zai sauka. Bai sauka ba.

Abin da ya fi damuna, bai daina roƙo ba. Da ya ji hannuna sai ya miƙo wuya yana neman leɓɓana. Wuyansa a cike, yunwa na cinsa. In na ba shi na ƙara masa kaya, in na hana shi na bar shi da yunwa. Na tambayi mai tattabaru, ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya tashi ba. Na ɗauko aska, na dubi fatar wurin, siririya har ana hango geron, na mayar da ita kube.

Kwana biyu muna haka. A na uku, da hantsi, ina zaune da shi a hannu ina murzawa, kakata ta fito da tabarmarta ta zauna kusa da ni. Ba ta tsokane ni ba. Ta daɗe tana duban hannuna.

"Ɗan nan," ta ce, "bar murza shi haka. Ya tafi."

Sai da ta faɗa sau biyu na daina.