Tsarabar Iliyasu Dabo daga Afisa

Iliyasu Dabo mutumin Wusasa ne, kamar ni. Ya zo nan ƙasar waje, birnin Greensboro, a shekarar 1978 da niyyar karatu, karatun bai yiwu ba, sai ya kama aikin ɗora kaya a tashar bas ta cikin gari, kusa da titin Elm. Mutum ne marar yawan magana, kuma ban taɓa ganin rigarsa ba guga ba. Da ya samu wurin zama, sai ya ɗauko Gwaggo Mero, ƙanwar babansa wadda ta rene shi, don a duba mata ido. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma idon ya riga ya tafi.

Gwaggo ce ta koya masa labarin tafiye-tafiyen Manzo Bulus tun yana zama a cinyarta. Saboda haka da majami'armu ta shirya ziyarar kangon birnin Afisa a ƙasar Turkiyya, inda Bulus ya yi wa'azi, a bazarar 1985, shi ya fara rubuta suna. Na bi su, tare da waɗansu tsofaffin Turawa daga garin Summerfield da ke kusa da mu.

Ranar tashi Gwaggo ta riƙe hannunsa ta ce, "Iliya, hoto ba ya yi mini amfani. Ka kawo mini abin da zan san ka je."

A titin marmara da ke gangarawa cikin kangon, Iliyasu ya sunkuya ya tsinci ɗan dutse mai zane, ya naɗe shi a hankici a gaban kowa. A wurinsa tsaraba ce, kamar yadda maƙwabtanmu alhazai ke dawowa da zamzam. Mai gadi ya busa usur, ya zo ya karɓe, ya nuna masa cewa ko tsakuwa ba a fita da ita. Iliyasu ya ba da haƙuri, ya zauna a kan wani ginshiƙi da ya faɗi.

"Malam," ya ce mini, "in koma in ce mata me?"

Can sai ya buɗe jaka ya fito da ƙaramar rakodar da yake aika saƙon kaset gida da ita. Ya tuɓe takalmi, ya koma bakin ƙofar birnin ya sake shigowa, yana magana da ita kamar tana riƙe da kafaɗarsa. "Gwaggo, ɗaga ƙafa, akwai tudu. Dutsen nan da zafi, kuma da santsi kamar tsohon turmi." Ya ƙwanƙwasa ginshiƙai don ta ji kaurinsu. Ya ratsa ta kangon wata tsohuwar majami'a, ya faɗa mata inda suke, ya wuce. A babban dandali mai matakalan zama, inda taro ya taɓa tasar wa almajiran Yesu, ya tsaya a tsakiya ya gaishe ta da ƙarfi, muryar ta hau matakalai ta dawo.

Da muka koma, na raka shi gida. Gwaggo ta ɗora rakodar a cinya, ta saurara har ƙarshe, tana ɗaga ƙafa duk inda ya ce ta ɗaga.

"Ka yi sauri a wurin majami'ar nan," in ji ta. "Mayar da shi baya, ban gama addu'a ba."