Amsoshi Uku da Na Sa Ta Ɓata

Shekara shida na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna kafin in zo Dubai in kama aiki a ofishin kago, wato na jigilar kaya, a Al Khabaisi. Don haka idan aka ce mini ga makarantar da duk ɗalibanta ke cin jarrabawa, ba na saurin yin tafi. Na san yadda ake dafa wannan miyar, domin da hannuna na dafa ta. Ko a rufe ƙofa a rubuta amsa a allo, ko malami ya riƙe jan biro yana kawar da ido daga kuskure. Duk na yi, Allah ya yafe mini.

Wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi, maƙwabciyarmu a International City, ita ta kawo mana labarin wata makaranta da 'yarta ke zuwa. An buɗe makarantar ne wajen Dubai Investments Park don 'ya'yan masu ƙaramin albashi irinmu, direbobi da masu gadi da ma'aikatan sito.

"Wallahi Malam, wurin nan ba wasa," in ji ta. "Yaran leburori suna kayar da yaran manyan gidaje. Yalla, maza ka kai 'yarka."

Na ce mata to, a raina kuwa na ce araha ba ta ado. Amma uwargida ta matsa, muka kai 'yarmu, lokacin tana da shekara tara. A Kaduna lissafi shi ne dodonta, har kuka take yi idan aka ce ta raba lamba.

Ba a rufa wata biyar ba ta fara dawowa da takardu cike da maki. Uwar na murna, ni kuwa ina juya takardar ina neman inda aka yi ɗinkin. Ana riƙe yaran har la'asar, ana yi musu ƙarin darasi ranar Asabar, na ji duk wannan, amma bai gamsar da ni ba. Idan na jefa mata tambaya a kan abinci ta amsa daidai, sai in ce hadda ce. Uwargida ta ce, "Malam, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as." Na yi kamar ban ji ba, alhali maganar ta soke ni.

Akwai wani aji na musamman a makarantar, inda ake shirya waɗanda suka fi ƙoƙari don shiga sakandare mai kyau. Yarinyar nan ba ta da zance sai na wannan ajin. Har ta zaɓi kujerar da za ta zauna, kusa da taga.

Wata safiyar Alhamis muna tsaye a ƙasan bene muna jiran bas ɗinsu, ta ce suna da gwajin lissafi. Nan take dabara ta faɗo mini. Na ce, "Tambayoyi uku na ƙarshe, ki rubuta amsar da ba daidai ba."

Ta ɗago kai ta dube ni. "Baba, me ya sa?"

"Wani abu nake son in gani. Kada ki gaya wa mamanki."

Tunanina shi ne idan takarda ta dawo da cikakken maki, na kama su dumu-dumu. Na ɗauka irin gwajin mako-mako ne. Ashe shi ne na shiga ajin nan. An turo sanarwa a wayar uwargida, ni kuwa ban taɓa tambaya ba.

Ranar Litinin malamarsu ta kira, ta ce tana son ganina. Na nemi izini a wurin aiki na hau bas, duk tsawon hanya ina haɗa abin da zan faɗa idan suka fara kame-kame. Da na shiga harabar ma leƙen azuzuwa nake yi, ko zan ga allon da aka goge da gaggawa.

Malamar mutuniyar Jos ce, Kirista, Hausarta tsaf. Bayan mun gaisa ta ɗauko takardar. Amsoshin nan uku duk ta soke su da ja. Sai ta ɗaga takardar wajen hasken taga.

"Malam, duba ƙarƙashin rubutun. Ta rubuta daidai, ta goge, sannan ta rubuta wannan. Duk ukun haka ta yi."

Na duba, na ga sawun fensir ɗin.

"Ina zargin wani ne yake tsorata ta a aji," in ji ta. "Sau uku ina tambayarta, tana cewa kuskurenta ne. Ko ta faɗa muku wani abu a gida?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na faɗa mata gaskiya. Ta ajiye takardar a kan tebur.

Sai na ji bakina yana cewa, "Malama, tunda ke ma kin ga ta sani, ki ba ta makin mana. Tsakanina da ke."

"Ba ma yin haka a nan," ta ce. "Abin da ke kan takarda shi ake ɗauka, khalas, magana ta ƙare. Sai ta sake gwadawa baɗi."

Na roƙa, na maimaita, ba ta motsa ba. Abin da na zo in kama su a kai, shi na zauna ina bara a yi mini.

Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Uwargida ce ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai sai "ga abinci". 'Yar Hajiya ta shiga ajin, tamu ta zauna inda take, ta kuma daina zancen kujerar kusa da taga.

Bayan mako biyu, wata Alhamis, muna tsaye a wurin nan dai muna jiran bas. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ba ta dube ni ba.

"Baba, yau ma muna da gwaji," ta ce. "Wannan in yi daidai, ko in ɓata?"