Babban Yatsan Banki

Mijina majemi ne, ɗan majemi, jikan majemi. A Damagaram muka yi aure, can bayan Birni inda majema suke, kuma na yi shekaru a gidansa ban taɓa ganin ya zauna haka kawai hannu a cinya ba. In ba ya cikin ruwan toka yana cire gashin fatar akuya, to yana kan kwatarniyar bagaruwa yana murza. Hannun nan nasa kuwa, in ya shafa kan yaro sai yaron ya noƙe.

Ruwa ne ya tashe mu daga garin. Kowa ya san Damagaram da ƙishirwa, jima kuwa ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa. Da rani, abin da yake biyan 'yan ga-ruwa yakan kusa cinye ribar fatar. Sai wansa da ya daɗe a Kano ya aiko cewa wani tsohon majemi ya bar wurinsa, da kwatarni da rijiya a kusa, kuma an yarda a riƙe mana har ruwan farko. In damina ta faɗi ba mu zo da kuɗi ba, akwai mai jira. Shekara biyu ke nan kafin Nijar ta karɓi mulkin kanta. Mu muna ƙarƙashin Faransi, Kano tana ƙarƙashin Ingilishi, kuɗinmu tamma da dala, nasu fam da sule.

Muka sayar da gida da jaki da awakina. Ni na ce a ɗinke kuɗin cikin matashi, in zauna a kai har Kano, in ga mai tashe ni. Maigida ya ce a'a. Ga 'yan duwan, wato kwastan, a kan iyaka, ga masu canji da ke yanke rabonsu, ga ɓarayin hanya. Akwai wani kamfanin Turawa da ya daɗe yana kai wa fata, suna da kanti a garinmu, suna da wani a Kano. Komin kamfanin, wato magatakardansu, wani siririn saurayi mai keke, shi ya kawo dabara: a zuba tamma a biro ɗinsu, wato ofishinsu na nan, su rubuta wa Kano, banki ya buɗe wa maigida ajiya da sunansa, kuɗin su zama fam tun bai bar gida ba. Abu ɗaya kawai bankin ke so. Sun aiko da kati, mai ajiya ya dangwala babban yatsa, a mayar musu, don ranar da ya je karɓa su san shi ne.

Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi da safe. Kafin azahar ya dawo, ya zauna a bakin ɗakina, ya ƙi ko kallon fura.

Na ce, "Malam, lafiya? Sun ce kuɗin ba su da kyau?"

Ya ce, "Kuɗi lafiya lau. Ni ne ba ni da zane."

Ashe da komi ya shafa masa tawada ya danna a kan wata takardar gwaji, baƙin tabo kawai ya fito, sumul, babu layi ko ɗaya. Aka gwada na dama, aka gwada sauran yatsun, duk ɗaya. Toka da bagaruwa sun cinye zanen tun tuni. Har Baturen kantin ya fito ya kama hannun yana juyawa yana surutu da Faransanci. Wallahi dariya ta zo mini har wuya, amma da na dubi fuskarsa sai ta koma. Mutumin da ya ci da mu da hannun nan, yau an ce hannun ba zai shaide shi ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Komi ne ya tambayo mana wani mai allura a asibiti. Ya ce zane yakan dawo, in an raba hannun da toka, ana shafa masa mai, aka yi haƙuri wata ɗaya ko fiye. A lokacin bazara ta riga ta kama, zafi ya kai inda ya kai, tsofaffi sun fara duban gabas da yamma.

Daga ranar na zama mai gadin yatsa. Man shanu nake narkarwa in shafe masa hannun hagu, wanda bankin ke so, in naɗe da tsumma. Sai na lura kafin rana ta yi tsaka ya kwance ya je ya taɓa wani abu. Na rasa yadda zan yi, idona ya faɗa kan zunguruna na lalle da ke rataye a bango. Na sauke, na zura hannunsa ciki, na ɗaure a gwiwar hannu.

Ya ce, "Ke, a gaban yara?"

Na ce, "A gaban kowa ma. Kano za mu, ko nan za mu zauna a gidan da muka sayar?"

Ai kuwa labari bai kwana ba. Abokan aikinsa suka riƙa zuwa zaure ɗaya bayan ɗaya, kowa da sallamarsa ta mugunta. "Ina amarya? Lallen ya kama?" Wani tsoho da suka tashi tare da mahaifinsa har goro ya kawo, wai gudummawar biki. Maigida yakan ɗaga zungurun kamar zai rotsa musu, su watse suna dariya. Amma su ɗin nan ne suka raba fatun da ya bari a jiƙe, kowa ya ɗauki nasa ya gama masa, ba wanda ya karɓi ko tamma.

Zaman banza kuwa bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya shiga mini girki da baki, wai miyata ta cika kanwa, shi da bai taɓa sanin inda murhu yake ba. In akuyar maƙwabta ta leƙo, sai ya bi ta da ido yana faɗin abin da fatarta za ta yi. Wata safiya na tashi ban gan shi ba, ga zunguru a kan tabarma. Da ya dawo ya ce masallaci ya tsaya. Na kama hannun na sunsuna, warin bagaruwa ya dake ni.

Na ce, "Yaushe liman ya fara jima?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ɗan taɓawa kawai ya yi, da na dama. Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, har na yi kuka, domin a daren jiya na ga walƙiya can gabas ta gefen garin Mirriya. Sai ya miƙe. Da kansa ya ɗauko zungurun ya miƙo mini hannu.

Kullum da hantsi nakan kwance in duba a rana. Da fari ba komai, sai tsohuwar fata da ke saɓulewa. Daga baya wasu siraran layuka suka fara fitowa a tsakiya, suna zagaye kamar saƙar faifai. Ya je biro aka gwada, komi ya ce sun fito rabi, bankin Ingilishi ba zai karɓa ba, a ƙara haƙuri. Kowace yamma hadari yakan taso ya yi baƙi, iska ta kaɗa, ya watse. Duk garin ana roƙon ruwa, ni kaɗai ce nake cewa a zuciyata, Allah Ka kawo shi da albarka, amma Ka ɗan jinkirta mana.

Wata Alhamis da la'asar, ana tashi daga kasuwa, sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida. Komi ne, da kati da kwalin tawada a jaka. Ya ce kamyon kamfani, wato babbar motarsu ta kaya, zai tashi zuwa Kano da asuba, in ba a bi shi da katin ba, wani sai bayan an gyara hanya. Na laɓe a bayan ƙyauren zaure ina leƙe. Majema suka taru, har da tsohon nan mai goro. Komi ya goge man da ƙyalle, ya shafa tawada, ya ce, "Baba, kada ka danna da ƙarfi, ba fata ba ce." Ya mirgina yatsan a hankali a kan takardar gwaji, ya ɗaga ta sama ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo katin bankin ya sake mirginawa.

Ya ce, "Ya yi."

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Zaure ya kaure, tsohon yana cewa amarya ta tare.

Da mutane suka watse maigida ya shigo cikin gida, yatsan a sama, ga takardar gwajin da ya roƙa a hannun dama. Ya zauna yana kallonta. Ya ce tun yana ɗan ƙaramin yaro Baba ya sa hannunsa a kwatarniya, bai taɓa sanin yana da wannan abu a jikinsa ba. Sai ya kamo hannuna, abin da bai taɓa yi ba da rana tsaka, ya buɗe tafin, ya danna sauran tawadar a ciki. Yatsan laushi kamar na jariri. Kunya ta kama ni, na ce zai ɓata mini hannu ga tuwo ban tuƙa ba, amma ban janye ba.

Kati ya riga mu tafiya. Mu muka bi bayan kwanaki kaɗan, a saman buhunan wata motar, ruwan farko ya tarar da mu mun wuce Daura. Yara suka jiƙe sharkaf suna ihu don murna. A Kano wansa ya raka shi banki, ya sake dangwalawa, wani malamin banki ya ɗora gilashi a kan zanen biyu, ya ƙirgo masa fam. A ranar aka biya wurin, tun mai jiran nan bai riga mu ba.

Sai dai komi ya gargaɗe mu tun a gida cewa duk ranar da za a karɓi kuɗi sai an sake dangwalawa. Don haka wani baduku ya ɗinka masa ɗan kube na fata, aka shafe da kakin zuma, yana sa wa yatsan in zai shiga aiki. Majeman Kano suka riƙa ce masa mai yatsan banki. Kowace rana bayan magariba yakan zare kuben ya miƙo mini, in shafa man shanu, muna hirar abin da ya faru a yinin.

Bayan shekaru aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, ni na shiga na mata, shi na maza. Ya koyi rubuta sunansa, banki suka canja masa kati, suka ce daga yau sa hannu ya isa. Ya dawo yana ta nuna wa yara alƙalaminsa. Na ce a raina to, man shanuna ya huta.

Da aka idar da magariba ya shigo, ya zauna a bakin ɗakina, ya zare kube, ya miƙo yatsa yana ba ni labarin wata fata da ta ƙi shan bagaruwa. Na dube shi, ya kau da kai. Na tashi na ɗauko man. Har ya bar duniya bai fasa miƙowa ba, ni kuma ban taɓa tuna masa ba.